Abin da Mujtaba Ya Zuba a Kwalbar Maganin Baba

Salamu alaikum, 'yan'uwa masu bibiyata. Na ga saƙonninku sun cika mini waya, wannan tana tambayar kalar anko, waccan tana cewa in turo hoton lallen da na zaɓa. Ku ajiye maganar anko tukuna. Wallahi ba labarin murna na zo muku da shi ba.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Mahbuba, shekarata ashirin da biyar, ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandaren 'yan mata a Amarawa. Gidanmu yana cikin Illela, bayan masu hatsi. Babana, Alhaji Na'Allah, ɗan kasuwar wake da gero ne, kuma shekara biyu da rabi ke nan yana fama da ciwon daji na mafitsara, wanda ke kama maza idan sun manyanta. Saura kwana goma sha tara a ɗaura aurena da Mujtaba. Ko in ce haka lissafin yake har zuwa safiyar ranar Alhamis ɗin nan.

Sai na ɗan yi muku bayanin maganin Baba kafin ku gane abin da aka yi mini. Likitansa a Sakkwato, Dakta Muhyiddeen, ya ce wannan ciwo da sinadarin mazantaka yake rayuwa, don haka maganinsa shi ne a hana shi abincinsa. Duk wata uku ina raka Baba a yi masa allura a fatar ciki, kullum kuma ya sha wata 'yar ƙwaya ƙarama, fara, zagayayya. Shekara biyu abin yana tafiya lafiya. Wata uku da suka wuce gwajin jinin da ake bin ciwon da shi ya fara hawa. Likita ya zaunar da mu, ya ce 'yar ƙwayar ta daina aiki, a wasu mutanen ma ciwon kan juya ya riƙa ƙaruwa da ita. Ya ce a daina ta gaba ɗaya. Allura tana nan, amma za a koma wani sabon magani mai ƙarfi: manyan ƙwayoyi huɗu da asuba, ciki babu komai, sai an yi awa guda a ci abinci, da wata ƙarama da ake haɗa masa. Ni na rubuta wannan duka da hannuna, na manna a bayan ƙofar ɗakin Baba. Duk wata yayana Attahiru yakan aiko da sabuwar kwalba daga Sakkwato, ni nake miƙa wa Baba. Kullum kafin in fita makaranta sai na leƙa.

"Baba, an sha?"

"An sha, Malama."

Wata uku ina jin wannan amsar, ina tafiya aiki da sanyin zuciya.

Ranar Alhamis muna hutun rabin zango. Ina tsakar gida da doguwar rigata ta atamfa ruwan ganye wadda ta koɗe, na ɗaure kai da tsohon ɗankwali, ina tsince shinkafa. Inna ta ce in fito da hulunan Baba a kai wa mai wanki, kada biki ya zo a rasa ta sawa. Baba ya tafi rumfarsa. Na shiga ɗakin, na jawo akwatin ƙarfen da yake ajiye huluna daga ƙarƙashin gado. Na ɗaga zanna bukar guda biyu, na ɗaga dara, sai hannuna ya taɓa abu mai tauri a cikin baƙar leda.

Kwalabe biyu ne na sabon maganin. Ko hatimin bakinsu ba a fasa ba. A gefensu wani ƙullin leda cike da manyan ƙwayoyin, an zazzage su kamar tsakuwa.

Na daɗe a durƙushe. Sannan na miƙe na ɗauko kwalbar da ke kan tebur kusa da Alƙur'aninsa, wadda nake gani kullum in ji daɗi. Na buɗe, na zuba a tafina. 'Yan ƙanana ne, zagayayyu. Tsohon maganin ne, wanda likita ya ce a daina. An ɓare su daga takardarsu ɗaya bayan ɗaya an zuba a kwalbar sabon, don kada ni, wawuyar gida, in gane.

Na koma cikin akwatin kamar mahaukaciya. A can ƙasa na tarar da kwalayen tsohon maganin guda uku, rubutun jikinsu duk Faransanci, daga Ƙonni aka sayo su. A jikin ɗaya an rubuta da shuɗin biro: "Ɗaya kullum, Baba Alhaji. Allah ya ƙara lafiya."

'Yan'uwa, na san wannan rubutun. Na san yadda yake jan wutsiyar "y" ɗinsa har ta taɓa layin ƙasa. Shekara biyu ina ɓoye takardu masu wannan rubutun a cikin littafin darasina. Mujtaba ne. Shi ne mai shagon shadda da ke tsallaka iyaka zuwa Ƙonni duk Laraba. Shi ne nake kira da daddare in ce masa ina tsoron gwajin Baba na gaba, ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, Malama, ai yana shan magani."

Na fito tsakar gida da kwalaben a hannu. Inna tana bakin murhu, Gwaggo Tasalla, ƙanwar Baba da ta zo daga Tozai don shirin biki, tana kan tabarma tana ƙulla turaren wuta a 'yan ledoji.

"Inna, mene ne wannan?"

Ta dubi hannuna, ta mayar da ido kan tukunya. Daga nan na san ta sani.

"Mi kike biɗa cikin kayan babanki?" ta ce a hankali. "Huluna nac ce ki ɗauko."

"Tun yaushe ya daina sha?"

Ta tura itace cikin murhu.

"Inna, don girman Allah, tun yaushe?"

"Sati ukku ya yi shina sha," ta ce. "Ke ba ki ga ƙahwahunai ba? Sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Da silifa ya tahi Juma'a, mutane na kallo. Ga jiri. Ga yunwa da asuba, mutum da girmanai a hana mai koko sai an duba agogo. Yac ce wancan na da bai taɓa yi mai haka ba."

"To me ya hana a faɗa mini? Me ya hana a kira likita? Kumburin ƙafa ai ya faɗa mana zai iya zuwa, ya ce a dawo a gyara!"

Gwaggo Tasalla ta ajiye turaren. "Ke ɗiyar ga, sassauta murya. Magani ai magani na. Wanga da wancan duk ba likita ɗaya ya rubuta su ba? Mutum ya zaɓi wanda jikinai ya karɓa, shi ne za ki tara muna unguwa? Saura kwana nawa bikinki? Ki bari a gama lahiya, sannan ku koma Sakkwato ku yi ta boko."

Wallahi da ba ƙanwar ubana ba ce, da na faɗi abin da za a daɗe ana maimaitawa a Tozai. Na haɗiye. Na shiga ɗakinmu na banko ƙofa, na kira Dakta Muhyiddeen. Sau uku ina kira kafin ya ɗauka, ina jin hayaniyar marasa lafiya a bayansa. Na faɗa masa komai.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da na ji sauƙi. Ya ce, "Kusan wata biyu da rabi ke nan ciwon yana tafiya babu mai tare shi sai allura, ita kuma mun riga mun ga ba ta isa ita kaɗai. Yana kukan ciwon baya?"

Kwana goma ke nan Inna tana shafa masa man zafi a gadon baya, yana cewa buhu ya ɗaga.

"Ku kawo shi gobe da sassafe," ya ce. "Tsohuwar ƙwayar kada ya ƙara sha. Sabon ma kada ki ba shi yau, sai na auna hawan jininsa na ga gwaji. Amma ki saurare ni da kyau, Mahbuba. Idan ya ce ƙafafunsa sun yi nauyi, ko sun mutu, ko fitsari ya ƙi fita, kada ku jira gobe. Ku taho a lokacin."

Na ajiye wayar, na buɗe WhatsApp. Saƙon Mujtaba na safe yana nan ban buɗe ba: "Barka da hutu, amaryata. Telan ya gama rigar kamu, in kawo da la'asar?" Har da 'yar zuciya ja a ƙarshe.

Na ɗauki hoton kwalin da rubutunsa na tura masa. Ban rubuta komai ba.

Alama ta yi shuɗi nan take. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Sai kira ya shigo, na kashe. Ya sake kira, na kashe.

"Malama don Allah ki ɗauka."

"Ba yadda kike zato ba ne."

"Ina zuwa."

Na rubuta: "Ka zo. Ka bar rigar a mota."

Bayan la'asar ya iso. Na zura hijabina ruwan toka a kan rigar aikin gidan, ko hoda ban shafa ba, na same shi a zaure. Yana sanye da farar shadda mai ɗinkin zare ruwan ƙasa, wadda ni na zaɓar masa, hula a hannu yana murza ta. Ƙamshin turarensa ya cika zauren. Ban shimfiɗa masa darduma ba. Ban kawo ruwa ba.

"Malama..."

"Mujtaba."

Ya ɗago da sauri. Tun da aka sa mana rana ban taɓa kiran sunansa gatsau ba.

"Sau nawa ka sayo?"

"Ki bari in yi miki bayani."

"Sau nawa?"

"Uku."

"Sau uku ka shiga kantin magani a Ƙonni, ka sayo abin da ka san likita ya hana. Ka sani, don a gabanka na karanta takardar, a nan zauren, kana cin dabino. Wa ya ɓare su ya zuba a kwalba?"

Ya sunkuyar da kai. "Hannunsa yana rawa. Ya ce in taya shi."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Ku yi tunani, 'yan'uwa. Suna zaune su biyu a rumfa, surukin kirki da uban amarya, suna ɓare ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, suna shirya yadda za su rufe mini ido.

"Ya kira ni rumfarsa," Mujtaba ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ya cire silifa ya nuna mini ƙafarsa. Ya ce, 'Dubi nan. Haka zan tsaya gaban mutane in ba da ɗiyata?' Na ce a gaya miki, ya ce in na gaya miki bai yafe ba. Na ƙi, wallahi na ƙi, sati guda ina zille masa. Ranar da na koma ya riƙe hannuna, Mahbuba. Dattijo kamar Baba Alhaji, idonsa da hawaye. Ya ce na wata uku ne kawai, a gama biki ya koma sabon. Ke da kanki kin san shekara nawa na yi kafin ya yarda ya amsa gaisuwata da fuska a sake. Ta yaya zan dube shi in ce a'a?"

"Da bakinka. Yadda ka dube ni wata biyu da rabi kana cewa yana shan magani."

"Ban so in ɓata tsakanina da shi ba."

"Sai ka zaɓi ka ɓata shi."

"Subhanallahi, kada ki ce haka."

"Na faɗa! Ka san abin da likita ya tambaye ni yau? Ko yana ciwon baya. Ka san me wannan yake nufi? Ciwon nan ƙashi yake bi! Kai kana neman ya ce maka yaron kirki, shi kuma abu yana cin bayansa!"

Fuskarsa ta canza. Na ga bai sani ba, na ga tsoro ya shige shi da gaske, kuma ko kaɗan bai rage mini zafi ba. Wani abu ma ya faɗo mini a rai, na ƙirga da yatsu.

"Tsaya. Yaushe Baba ya kira kawunnanka ya ce a matso da rana daga bayan Sallah?"

Ya ajiye hular a kan dakali.

"Satin da ka kawo kwalin farko ne, ko ba shi ba?"

"Ba ciniki muka yi ba, Mahbuba. Wallahi ba haka ba ne."

"Ni ma ban ce ciniki ba ne. Kai ka faɗa."

Na cire zoben azurfar da ya sa aka yi mini a Agadas, na ajiye a kan dakalin zauren kusa da hularsa. Ya ce in tsaya, ya kira ni Malama, ya kira ni Mahbuba, ban juya ba. Ina shiga gida na toshe lambarsa. Na ji motarsa ta daɗe a ƙofar gida kafin ta tashi.

Baba ya dawo gab da magariba. Tun daga yadda Inna ta tare shi a ƙofa na san ta faɗa masa. Ya shiga ɗaki, ya aiko a kira ni. Na same shi zaune a bakin gado, ya cire babbar riga, daga shi sai 'yar shara, akwatin huluna a buɗe a gabansa. Ya rame a wuya. Ban lura ba sai ranar.

Na durƙusa. "Sannu da dawowa, Baba."

"Ke kinka buɗe mani kaya?"

"Ni ce."

"Kuma kinka kori yaron mutane daga zaure kamar ɓarawo."

"Baba, likita ya ce..."

"Likita ba shi ka sanya takalmina ba." Bai ɗaga murya ba, Baba ba ya ɗaga murya. "Shekara biyu ana soka mani allura. Zuhwa ta karyo mani cikin sahu kamar mace mai jego, in yi shiru. Ƙirjina ya yi nauyi, in sa riga biyu, in yi shiru. Abin da nike da shi na namiji duk na ba su, ban ce komi ba. Abu ɗaya na roƙa, in tsaya da ƙahwata da takalmina ranar aurenki. Shi ne laihi?"

Hawaye suka zubo mini, amma fushin bai tafi ba. Tare suka zauna.

"Baba, da ka faɗa mini, da na kai ka an rage kumburin. Akwai yadda ake yi. Ni ba takalmi nake so a wurin ɗaurin aurena ba, kai nake so. Ina so ka ga ɗana. Kun haɗu ku duka, kai da Inna da shi, kun mayar da bikina dalilin da za a..." Na kasa ƙarasawa. Na share fuska da hijabi. "Gobe da asuba za mu Sakkwato. Maganar aure kuma a dakatar da ita. Ba zan zauna a yi mini lalle ba alhali ban san abin da ke cikin bayanka ba."

"Ba ke ka sa rana ba, ba ke ka ɗage ta ba."

"To a ɗaura. Amma sai dai a kai gawata ɗakinsa."

Ban taɓa yi wa Baba magana irin wannan ba. Ya dube ni kamar bai san ni ba. Daidai nan aka kira sallah a masallacin unguwa. Ya kawar da kai, ya ce, "Miƙo mani buta."

Na miƙa. Ya dafa gefen gado zai tashi. Ya ɗaga kaɗan, ya koma. Ya sake dafawa da hannu biyu, ya yunƙura, sai na ga gwiwoyinsa sun lanƙwashe kamar ba nasa ba. Butar ta kife, ruwa ya bi ledar ɗaki. Na tare shi da kafaɗata muka zube tare a bakin gadon.

"Baba! Mene ne?"

Ya kai hannu ya matsa cinyarsa, ya sake matsawa da ƙarfi. Muryar da ya yi magana da ita ban taɓa jin ta ba.

"Mahbuba. Ban jin su. Tun azahar sunka yi mani nauyi."

"Fitsari fa? Baba, ka yi fitsari yau?"

Ya kau da fuska. Ya girgiza kai.

Na ƙwala wa Inna kira. Ta shigo da gudu, Gwaggo Tasalla a bayanta tana salati, tana cewa a kawo rubutu, a kawo man zafi. Na ce babu abin da za a kawo sai mota. Yaya Attahiru yana Sakkwato. Motar Baba tana wajen bakanike tun makon jiya. In na tafi tasha, kafin a sami direban da zai yarda ya kwantar da kujera ya ɗauki mutum a miƙe, an yi isha'i. Mutum ɗaya na sani a duk Illela da motarsa ke da mai a kowane lokaci, wanda zai iso ƙofar gidanmu cikin minti biyar ko da babu takalmi a ƙafarsa.

Na zaro wayar. Na buɗe lambar da na toshe, na kira. Ko ƙara ɗaya ba ta gama ba ya ɗauka.

"Malama, Alhamdu lillahi, don Allah ki saurare..."

"Ka kawo mota yanzu. Ka kwantar da kujerar gaba. Ƙafafun Baba sun mutu."

Na ji ƙarar makullai.

"Ga ni nan."

"Mujtaba."

"Na'am."

"Kai za ka ɗauke shi da hannunka ka sa shi a mota. Kai za ka tsaya gaban likita ka faɗi abin da ka sayo, da sau nawa. Daga nan har Sakkwato kuma, kada ka yi mini magana."